Idan Direban Kamfani Ya Ƙi Ɗaukar Lodi, Me Ke Biyo Baya?

A manyan kamfanonin dakon kaya na Amurka, direban tirela ba ya zuwa tasha neman lodi, ba ya kuma ciniki da mai kaya. Lodin ne ke iske shi a inda yake. Akwai 'yar na'ura a gefen sitiyari, ta cikinta saƙo ke shigowa daga ofis: je ka wuri kaza ka ɗauki kaya da ƙarfe kaza, ka sauke su a gari kaza jibi da asuba, tafiyar mil kaza ce. Wanda ya turo saƙon yana zaune gaban kwamfuta a wata jiha mai nisa, aikinsa raba lodi ga tarin direbobin da ke ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa shi da direban ba su taɓa haɗa ido ba. Abin da yake jira kawai shi ne direba ya danna ya karɓa. To idan direban ya ce ba zai ɗauka ba fa? Wannan tambaya ce da kusan kowane sabon shiga sana'ar yake yi tun cikin watanninsa na farko.

Amsar tana farawa ne daga motar wa mutum yake ja. Mai motar kansa shi ke sayen mai, shi ke gyara, shi ke biyan inshora, don haka idan lodi bai yi masa ba yana iya kau da kai ya nemi wani. Direban kamfani kuwa ƙwadago kawai yake yi. Mota ta kamfani ce, mai na kamfani ne, abokin ciniki ma na kamfani ne. Yawancin kamfanonin suna da ƙa'ida a rubuce cewa lodin da aka ba ka shi za ka ɗauka. Akwai masu tallar cewa su ba sa tilasta wa kowa, domin su jawo direbobi, amma ko a can zaɓin ba ya wuce tsakanin lodi biyu ko uku da aka miƙo maka. Daɗin daɗawa, a duk jihohin Amurka ban da Montana, tsarin aiki ya ba mai kamfani damar sallamar ma'aikaci a duk lokacin da ya ga dama, muddin dalilin bai saɓa wa wata doka ba. Saboda haka a idon kamfani ƙin lodi ƙin bin umarni ne, kuma ana iya korar mutum a kansa tun a karon farko.

Sai dai ba kasafai ake fara da kora ba. Kamfanonin suna fama da riƙe direbobi. Alƙaluman da ƙungiyar masu kamfanonin, wato ATA, ta sha fitarwa sun nuna cewa a manyan kamfanonin tafiya mai nisa yawan sauyin direbobi ya yi shekaru yana kewaya kashi 90 cikin 100 a shekara. Wanda yake wannan hali ba zai yi gaggawar sallamar direban da ke da lasisi mai tsabta ba. Akwai wata hanyar horo da ta fi kora sauƙi, ba ta barin shaida, kuma ita ce a ganina ainihin sakamakon ƙin lodi.

Yawancin direbobin nan da mil ake biyan su, ba da awa ba. Dokar ƙwadago ta 1938 da ta wajabta biyan kuɗin ƙarin lokaci ta ware direbobin da ke ratsa jihohi, ba su cikinta. Idan taya ba ta juya ba, babu abin da ke shiga aljihu. Mu ɗauki misali don lissafi: direban da ake biya santi 55 a kan kowane mil, in ya yi mil 2,500 a mako ya tashi da dala 1,375. In aka rage masa zuwa mil 1,500, abin da zai gani dala 825 ne. Ba a zaftare masa albashi ba, ba a ba shi takardar gargaɗi ba, amma kashi 40 cikin 100 na abincin gidansa ya tafi. Wanda ke da ikon wannan ragi kuwa shi ne mutumin da aka ƙi wa lodi jiya.

Ga yadda abin yake kasancewa. Direba ya ƙi lodi ranar Juma'a da rana. Babu wanda ya ɗaga masa murya. Aka ce to, za a duba masa wani. Ya faka a wurin hutawar manyan motoci a gefen babbar hanya, yana duba na'ura, shiru. Ya kira da yamma, aka ce babu kaya a yankin yanzu. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, yana kwance a ɗan gadon da ke bayan kujera, yana sayen abinci da kuɗinsa, yana kallon motocin kamfaninsu suna shigowa suna fita da kaya. Ranar Litinin saƙo ya shigo, tafiyar mil 180, zuwa wata ma'ajiyar kaya da kowa ya san sai an wuni a layi kafin a sauke. Ranar da aka yi masa alkawarin zai isa gida ta zo ta same shi a jihar da ba ta kan hanyar gida. Ko ya kai ƙara wurin manaja, me zai nuna? Kasuwar kaya takan yi sanyi da gaske, kuma ba shi da hanyar tabbatar da cewa nasa sanyin shirya shi aka yi. Direbobi da yawa daga irin wannan mako ɗaya suke koyon darasi, ba sa sake cewa a'a, ko da a ranar da ya kamata su ce.

Adalci ne a saurari mai rabon lodin shi ma. An riga an yi wa abokin ciniki alkawari, manyan kantuna suna cin tarar wanda ya makara, kuma shi kansa ana auna aikinsa da yawan mil ɗin da motocinsa suka yi da kaya da kuma wanda suka yi fanko. Lodin da wani ya ƙi ba ɓacewa yake yi ba, a kan wani direban zai faɗa, galibi wanda ba ya musu. Direban da ya ce shi ba ya shiga birnin New York saboda cunkoso da ƙananan tituna, ko ba ya son gajeriyar tafiya, ko ba ya son kayan da sai an sa hannu wajen saukewa, yana tura wahalar ne ga ɗan'uwansa. A irin wannan ƙi na son rai, ban ga laifin kamfani ba idan ya ja kunne, kuma doka ba ta ba direba wata kariya a nan.

Amma kada a ɗauka duk mai zaɓen lodi malalaci ne. Tsarin biyan ne ya mayar da wasu tafiye-tafiye asara ga direba. A 2018 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufurin Amurka ya fitar da rahoto cewa zaman jira a wuraren lodi da sauke kaya yana rage wa direbobin dakon kaya tsakanin dala biliyan 1.1 zuwa 1.3 a shekara. Rahoton ya kuma ƙiyasta cewa ƙarin minti 15 a kan lokacin jira yana ƙara yawan haɗari da kashi 6.2 cikin 100, domin wanda aka ɓata wa lokaci zai nemi ramawa a kan titi. Kamfanin da ke biyan kuɗin jira yadda ya kamata yana rage wa kansa wannan rigima tun daga tushe.

Idan abin ya kai ga rabuwa, akwai tabon da ke bin mutum. Kamfanoni da yawa suna aika bayanan tsofaffin direbobinsu ga wani rumbun bayanai da ake kira DAC, wanda kamfanin HireRight ke riƙe da shi, kuma dokar tarayya ta wajabta wa sabon mai ɗaukar aiki ya binciki tarihin tuƙin direba na shekara 3 da suka gabata. Kalmar da ta fi kowace kashe kasuwar direba a wannan takarda ita ce a rubuta cewa ya yasar da mota ko kaya. Wanda ya fusata ya ajiye tirela a inda ba a ce ba ya kama hanyar gida, zai daɗe yana buga ƙofofi ba a buɗe masa ba. Doka ta ba shi damar neman kwafin bayanan ya ƙalubalanci abin da ba gaskiya ba ne, amma kafin a gyara, cikin gida ya ji jiki. Sabon direban da kamfani ya ɗauki nauyin koya masa tuƙi yana da ƙarin igiya a wuya, don yakan sa hannu cewa in ya bar aiki kafin wa'adi zai biya kuɗin horon, wanda kan kai dubban daloli.

Duk wannan ya shafi ƙin da ba shi da hujjar doka. Akwai wani ƙin da doka ba ta tsaya ga halatta shi ba, wajabta shi ta yi. Hukumar FMCSA mai kula da manyan motoci ta ƙayyade cewa direban kaya ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba bayan hutun awa 10 a jere, kuma tuƙin dole ya ƙare cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki. Bayan awa 8 na tuƙi sai ya tsaya na minti 30. A kwana 8 ba zai wuce awa 70 ba. Tun Disamba 2017 na'ura ce ke ƙirga waɗannan awoyi maimakon littafin da a da ake cikawa da biro ana yi masa kwaskwarima. An hana tuƙi ga wanda gajiya ko rashin lafiya ta rage masa kuzari, an umarci direba ya tsaya idan ƙanƙara ko hazo sun sa hanya ta yi haɗari sosai, kuma nauyin mota da kayanta a manyan hanyoyin tarayya ba ya wuce fam 80,000, kimanin tan 36. In aka kama motar da ta karya ɗaya daga cikin waɗannan, sunan direba ne ke shiga takarda. Mai rabon lodi yana ofis.

Saboda haka ne dokar sufuri ta 1982 da ake kira STAA ta hana kamfani korar direba, ko hora shi, ko tauye masa albashi da sharuɗɗan aiki, don ya ƙi jan mota alhali jan nata zai karya ƙa'idar kiyaye haɗari, ko don yana da tsoro mai hujja cewa halin da motar ke ciki zai jawo mummunan rauni gare shi ko ga jama'a. A wannan na biyun sai ya zama ya nemi kamfani ya gyara an ƙi. Wanda aka zalunta yana da kwana 180 ya kai ƙara hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, kuma in ya yi nasara ana iya mayar da shi aiki, a biya shi albashin baya da diyya, har da tarar ladabtarwa da ka iya kaiwa dala 250,000. A Janairu 2016 aka ƙara wata ƙa'ida da ta haramta tursasa direba ya karya doka, ta haɗa har da masu kaya da masu karɓar kaya da dillalai, ta kuma ambaci barazanar hana aiki ƙarara. Ƙorafi a ƙarƙashinta cikin kwana 90 ake shigar da shi.

A takarda kariyar ta yi kyau. Yadda take a aikace, labarin Alphonse Maddin ya isa misali. Wani dare a Janairu 2009 yana jan tirelar kamfanin TransAm ɗauke da nama a babbar hanyar I-88 ta jihar Illinois, mai ya kusa ƙare masa, ya tsaya a gefen titi. Da ya zo tashi sai ya tarar birkin bodin ya daskare saboda sanyi, wanda ya sauka ƙasa da digiri 18 a ƙarƙashin sifili a ma'aunin Salshiyas. Ya kira ofis, aka ce ya jira makaniki. Na'urar ɗumama ɗakin motar ba ta aiki. Barci ya ɗauke shi, sai wayar wani ɗan'uwansa ce ta tashe shi bayan ƙarfe 1 na dare, kuma ɗan'uwan ya ji maganarsa tana harɗewa. Ƙirjinsa ya yi sanyi ƙalau, ba ya jin ƙafafunsa. Ya sake kira, aka ce ya ƙara haƙuri. Daga ƙarshe shugabansa ya ba shi zaɓi biyu: ko ya ja bodin da daskararren birki, ko ya zauna da kayan. Gaba kura, baya sayaki. Bayan kusan awa 3 yana jira, ya kwance bodin, ya ja kan motar ya tafi, da makaniki ya iso kuma ya dawo. Kamfanin ya kore shi bisa laifin yasar da kaya.

Hujjar kamfanin a kotu ita ce doka tana kare wanda ya ƙi jan mota ne, shi kuwa Maddin jan ta ya yi. A Agusta 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya shiyya ta 10 ta ba Maddin gaskiya, alƙalai biyu a kan ɗaya. Ɗayan da ya saɓa shi ne Neil Gorsuch, wanda a Maris 2017 ya sha tambayoyi a kan wannan shari'a a Majalisar Dattawa lokacin tantance shi zuwa Kotun Ƙoli. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne tazarar da ke tsakanin 2009 da 2016. Mutumin da ya kusa mutuwa a bakin aiki sai da ya yi fiye da shekara 7 kafin kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Direba nawa ne ke da ƙarfin wannan jira alhali haya da kuɗin makarantar yara ba sa jira?

Kuma karɓar lodin ma yana da nasa farashin. A Yuni 2014 tirelar kamfanin Walmart ta afka wa wata mota a babbar hanyar New Jersey, ɗan wasan barkwanci James McNair ya rasu, abokin sana'arsa Tracy Morgan ya ji mummunan rauni. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa direban ya yi fiye da awa 28 bai runtsa ba, domin sai da ya tuƙo motarsa tun daga jihar Georgia zuwa Delaware kafin ya kama aiki. Shi aka gurfanar da tuhumar kisa. Na'ura tana ƙirga awoyin aiki, amma ba ta san ko mutum ya yi barci ba. Direba ne kaɗai ya sani, shi ya sa kalmarsa ta a'a take da daraja ga duk wanda ke kan titi tare da shi. Duk tsarin da ya sa faɗin wannan kalma ya yi tsada, jama'ar da ba su san hawa ba su san sauka ba yake jefawa cikin haɗari.

Akwai wani ɓangare da zai ja hankalin mai karatu Musulmi. A 2009 kamfanin Star Transport na jihar Illinois ya kori wasu direbobi biyu Musulmi 'yan asalin Somaliya saboda sun ƙi dakon giya. Hukumar EEOC mai yaƙi da wariya a wuraren aiki ta kai ƙara a ƙarƙashin dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sassauta wa ma'aikaci a kan addininsa idan hakan ba zai ƙuntata wa harkar ba. An nuna cewa musayar lodi tsakanin direbobi abu ne da aka saba yi a kamfanin. A Oktoba 2015 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba su dala 240,000. Nan ma shekara 6 aka yi.

Wanda ya san Tafa ko Mararrabar Jos ko layin tireloli na Apapa ya san wannan magana ba ta Amurka kaɗai ba ce. Namu direban a Najeriya ba na'ura ke turo masa umarni ba, wayar maigida ce ko ta manaja. Zai ce, "Alhaji, birkin nan ba ya kamawa sosai, tayar baya kuma ta cinye." A ce masa, "Kai dai lallaɓa ka kai, in ka dawo a duba." Ya san in ya dage, akwai wani a gareji da ke jiran makullin, wataƙila ma yaron motar da shi ya koya wa tuƙi. Da yawa ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma kuɗin hanya da ake bayarwa a kan kowace tafiya shi ne abin dogaronsu, don haka horon zaunar da mutum yana cizo a nan fiye da can. Mun ga abin da tanka ɗaya ke iya yi a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoba 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, da kuma mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairu 2025. Bayan nan hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta hana tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, amma jami'in hukuma a shinge yake ganin mota na ɗan lokaci. Wanda ya kwana da ita, ya san ƙarar da take yi a gangare, shi ne direba.

Ra'ayina shi ne a raba ƙi biyu, kada a cakuɗa su. Ƙin son rai kamfani yana da ikon hukunta shi, amma a fili, da ƙa'idar da kowa ya sani, ba ta hanyar zaunar da mutum a ɓoye ba. Ƙin da ya shafi rai kuwa bai kamata ya ci wa direba ko sisi ba, ya ma dace a biya shi kuɗin zaman da ya yi har a gyara motar. Direban da ke aiki a Amurka, in zai ƙi, ya rubuta ta na'urar kamfani maimakon waya, ya faɗi dalilin ƙarara, awoyina sun ƙare, birki bai da lafiya, nauyi ya wuce, ya nuna a shirye yake ya ɗauka da zarar an gyara, ya ɗauki hoton saƙon, kada kuma ya ajiye mota a inda ba a yarda ba sai in ransa ne ke cikin haɗari. Ya riƙe wa'adin nan biyu, kwana 180 da kwana 90, don in sun wuce shi ke nan.

A gida kuwa aikin yana wuyan ƙungiyoyi. Reshen direbobin tanka na NUPENG, da NURTW, da ƙungiyar masu motoci ta NARTO, sun sha nuna cewa suna iya tsayar da ƙasa idan maganar kuɗin dako ko haraji ta taso. Su zauna da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC su rubuta yarjejeniya cewa direban da ya ƙi fita da mota marar birki, ko lodin da ya wuce ƙima, ko bayan ya kwana a hanya bai yi barci ba, ba za a karɓe masa makulli ba, kuma a ware inda zai kai ƙara a saurare shi cikin kwanaki. Masu motoci, idan direbanku ya ce motar nan ba za ta fita yau ba, ku tura makaniki ya duba ta kafin ku fara neman wani direban.